3.4 Sakamakon Tiyatar Ƙaramar Huda ga Kwatangwalon Masu Manyan Shekaru

A wannan sashe za a duba irin sakamakon da masu manyan shekaru ke samu daga tiyatar ƙaramar huda a gaɓar kwatangwalo, da dangantakar aikin da amosanin gaɓɓai, wato cutar da ke zaizaye guringuntsi.

A irin wannan tiyata, likita kan huda fata wuri 2 ko 3, ya zura siririn bututu mai ɗauke da kyamara, sannan ya kankare ƙashin da ya yi tozo, ya ɗinke zoben guringuntsin da ya yage a bakin kwarmin gaɓar. Aikin ya bunƙasa bayan shekarar 2003, lokacin da Reinhold Ganz da abokan aikinsa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan suka bayyana cewa gogayyar kan ƙashin cinya da bakin kwarmin tana iya haifar da amosani.

A shekarar 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi wa mutum 348 a Birtaniya. Bayan wata 12, waɗanda aka yi wa tiyata sun fi waɗanda aka bi da su ta hanyar motsa jiki samun sauƙi. Sai dai kuma matsakaicin shekarunsu 35 ne, kuma ba a sa waɗanda amosani ya riga ya ci wa gaɓa ba. Saboda haka ba za a ɗora wannan sakamako kai tsaye a kan dattawa ba.

Dangane da dattawa kuwa, binciken da Marc Philippon da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2013 kan waɗanda suka kai shekara 50 zuwa sama ya nuna cewa idan tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu a hoton ƙashi ba ta wuce milimita 2 ba, akwai babbar barazanar a ƙare da sauya gaɓar baki ɗaya. Dalili shi ne, ƙanƙancewar tazarar alama ce ta zaizayewar guringuntsi, kuma tiyatar ba ta mayar da abin da ya riga ya zaizaye.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lafiyar guringuntsi ita ce ma'aunin da ya fi yawan shekaru muhimmanci. Dattijon da guringuntsinsa ke da sauran ƙwari yana iya cin moriyar aikin. Wanda amosani ya yi wa nisa kuwa, yana iya shan wahalar tiyata sau biyu, ga kuma asarar dukiya.