Yadda ake sauƙaƙa neman bayani a manhajojin ajiye rubutu

Ɗalibai, 'yan jarida, lauyoyi da ma'aikatan ofis da dama sun koma ajiye bayanansu a waya da kwamfuta maimakon littafin rubutu. Sai dai da yawansu kan ci karo da matsala guda: rubutawa ba ta da wuya, amma idan bayanai suka taru suka kai dubbai, gano wanda ake so a lokacin da ake bukatarsa kan zama jan aiki. Bayanin da aka adana aka kasa ganowa kuwa ba shi da maraba da wanda ya ɓata.

Wannan ne ya sa masu ƙera irin waɗannan manhajoji ke ba sashen bincike muhimmanci, musamman a manhajojin da ke jera rubutu bisa tsarin rassa.

Mene ne tsarin rassa?

A wannan tsari, ana rubuta babban batu, a sa ƙananan batutuwa a ƙarƙashinsa, kowanne kuma da nasa ƙananan, kamar bishiya da rassanta. Mai rubutu zai iya naɗe reshe ya ɓoye abin da ke cikinsa, ya buɗe shi idan ya so, ko ya ɗauke shi dungurungum ya kai wani wuri.

Dabarar ta daɗe. A ranar 9 ga Disamba, 1968, injiniya Douglas Engelbart ya nuna tsarin NLS a birnin San Francisco na Amurka, inda ya jera kayan cefane rukuni-rukuni, yana naɗewa yana buɗewa a gaban jama'a. A 1983 Dave Winer ya fitar da ThinkTank, sannan MORE ta biyo baya a 1986. Daga bisani aka samu Org-mode a 2003, WorkFlowy a 2010, da kuma Logseq da ire-irenta.

Inda gizo ke saƙa

Ƙarfin tsarin rassa shi ne kuma rauninsa. Abin da aka naɗe ba ya ganuwa, kuma layi guda da aka raba da batun da ke samansa sau da yawa ba ya nufin komai.

A ɗauki misalin ɗalibin shari'a da ya rubuta kalmar “hukunci” a gurbin bincike. Idan manhaja ta jero masa layuka 40 masu ɗauke da kalmar ba tare da nuna ƙarƙashin wace shari'a kowanne yake ba, tilas ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma ya shiga na farko ya tarar ba shi ba ne, wasu manhajojin kan share sakamakon, ya sake farawa daga tushe.

Gyare-gyaren da suka yi tasiri

Gyara na farko shi ne nuna sakamako tare da asalinsa. A WorkFlowy, idan aka yi bincike, manhajar kan ɓoye layukan da ba su dace ba, ta bar waɗanda suka dace tare da manyan batutuwan da suke ƙarƙashinsu. Org-mode ma na da irin wannan tacewa. Da kallo ɗaya mutum zai san daga wane reshe bayani ya fito.

Na biyu shi ne bincike tun ana cikin rubuta kalma, inda sakamako ke raguwa da kowane harafi da aka ƙara. Sauri na da muhimmanci a nan. Masani kan sauƙin amfani da manhaja, Jakob Nielsen, ya bayyana cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ita mutum ke ɗauka a matsayin nan take, kuma jinkirin da ya wuce daƙiƙa ɗaya kan katse masa tunani.

Na uku shi ne sanin inda ake da hanyar komawa. Manhaja mai kyau kan nuna jerin matakai a saman shafi, daga babban batu zuwa reshen da ake ciki, ta kuma samar da maɓallin komawa baya wanda ba zai zubar da sakamakon bincike ba. Wannan ya yi daidai da ɗaya daga cikin ƙa'idoji 10 da Nielsen ya wallafa a 1994, wadda ke cewa a nuna wa mutum abin da zai gane da ido maimakon a ɗora masa nauyin tunowa.

Na huɗu shi ne mahaɗi tsakanin bayanai, domin batu guda kan shafi rassa da yawa. Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Niklas Luhmann, ya tara katunan bayanai kimanin 90,000, kuma lambobin da ke tura shi daga kati zuwa kati ne suka sa ya iya amfana da su. Roam Research da Obsidian sun yaɗa wannan salo a 2020, inda kowane shafi ke nuna duk wuraren da aka ambace shi.

Matsalar haruffa masu ƙugiya

Mai rubutu da Hausa na da ƙarin cikas. A ma'aunin Unicode, ana iya raba harafin é na Faransanci zuwa e da alamar da ke kansa, don haka manhaja kan gano shi cikin sauƙi. Amma ƙ, ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu. Muddin ba a tsara manhaja ta danganta su da k, d da b ba, wanda ya nemi “kasa” ba zai ga “ƙasa” ba.

Haka nan ana rubuta “'ya'ya” a Najeriya, “ƴaƴa” a Nijar. Jam'in Hausa ma kan sauya cikin kalma, ta yadda neman “littafi” ba zai fito da “littattafai” ba. Mafita ita ce manhaja ta ba da zaɓi: bincike mai sassauci da zai haɗa haruffan, da kuma mai tsauri da zai bambanta “kafa” da “ƙafa”.

Abin da mai amfani zai yi

Kafin masu ƙira su kammala nasu aikin, akwai matakan da ke rage wahala. A tsaya kan salon rubutu guda, ko da ƙugiya ko babu. A ba kowane batu suna bayyananne mai ɗauke da kwanan wata, maimakon “taro” ko “bayani” kawai. A guji zurfafa rassa fiye da kima, a kuma taƙaita laƙabobin da ake liƙa wa bayanai.

Kafin a zuba aikin shekaru cikin wata manhaja, yana da kyau a jarraba ta da 'yan bayanai: a nemi kalma mai ƙugiya, a duba ko tana nuna reshen da sakamako ya fito, a kuma tabbatar tana ba da damar fitar da rubutu a matsayin fayil da wata manhajar za ta iya buɗewa. Wadda ta gaza a waɗannan tun bayanai na 20, ba za ta iya da su ba idan sun kai 2,000.