Gwajin hanta a Damargu: jini ɗaya, lamba daban-daban

A Tanut ko Belbeji, in idon mutum ya yi rawaya, mutanen gida kan ce shawara ce, likita kuwa labo yake tura shi. A ɗebi jini, a ba shi takarda mai rubutun ALAT da ASAT, kowanne da lamba a gabansa. In ciwo ya ƙi, aka wuce da shi babban asibitin Damagaram, ana iya sake gwajin lambar ta fito daban, alhali hantar ba ta canza ba.

ALAT da ASAT sinadarai ne da ake kira anzim. Suna cikin ƙwayoyin hanta, in ta ji rauni sai su kwararo cikin jini. Ba yawansu ake aunawa ba, saurin aikinsu a minti ɗaya ake aunawa, sauri kuwa yana bin zafi. A da wasu labo na gwaji a digiri 25, wasu 30, wasu 37. Duk mai sayen hatsi a kasuwar Tanut ya san rigimar da ke tashi in tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa.

Shi ya sa a shekarar 2002 ƙungiyar masana gwajin asibiti ta duniya, IFCC, ta tsayar da hanya guda: a yi gwajin a digiri 37, zafin jikin ɗan Adam, a kuma zuba wani sinadari na bitamin B6 wanda anzim ɗin ke buƙata. In babu shi, lambar kan sauka ƙasa da gaskiya.

A Damargu aikin ya fi wuya. Zafin bazara kan haura digiri 40, magungunan gwajin kuma sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8. Wuta ta ɗauke, firji ya huce, magani ya raunana ba wanda ya gani da ido. Jinin da ya sha girgiza a hanya, jajayen ƙwayoyinsa kan fashe, ASAT ta hau ba ciwo. Da irin wannan lambar ake iya dakatar wa mai tarin fuka maganinsa, ko a ce wa mai ciwon hanta lafiyarsa lau.

Hukumomin lafiya na jihar Damagaram, a wadata labo na Tanut da Belbeji da firji mai aiki da hasken rana, da samfurin gwaji wanda aka san lambarsa don duba na'ura kullum. Kowace takarda kuma a rubuta hanyar da aka bi wajen gwajin.