Radiyon da ya hura wuta a Ruwanda

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka. Yawancin mutanenta Hutu ne da Tutsi. Harshensu guda ne, kuma tare suke zaune.

Cikin shekara 1993 aka buɗe wani gidan radiyo a Kigali, babban birnin ƙasar. Sunanshi RTLM. Shina sa kiɗi mai daɗi, shina ban dariya. Don haka samari da manoma suka saba da shi. Amma tsakanin kiɗi da kiɗi, sai ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, shina cewa abokan gaba ne. Wannan shi ake ce ma farfaganda: a yi ta maimaita magana guda har jama'a su ɗauke ta gaskiya.

Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin shugaban ƙasa Habyarimana. Radiyon ya ɗora ma Tutsi laifi. Ya riƙa faɗin sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800.000, mafi yawansu Tutsi. Maƙwabci ya kashe maƙwabcinshi.

A 2003 kotun duniya da ta zauna Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya cikin waɗanda suka kafa gidan.

Baki shi ka yanka wuya. Mai sauraren radiyo ya kamata ya tambayi kanshi: wa ke magana? Mi yake nema? Ya ji wata tasha, ya karanta jarida, sannan ya yarda. Labarin da ya ce a ƙi maƙwabci, ba a haɗiye shi da gaugawa.