SAUƘIN MAGANI GA TSOFAFFI: ABIN DA DOKAR INSHORAR LAFIYA TA TANADA

Jama'a, kowa ya san idan shekaru suka ja, jiki yakan fara neman magani. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi ba irin cututtukan da ake sha wa magani na kwana uku a huta ba ne. Wata bayan wata ake saye, sau da yawa har ƙarshen rai. Dattawa da yawa sukan raba ƙwaya gida biyu, ko su tsallake kwana, saboda kuɗi ya gaza. An shirya wannan ƙasida ne domin a bayyana wa jama'a gyaran da Gwamnatin Tarayya ta yi game da wannan al'amari, da abin da ya wajaba kowane gida ya yi.

Yadda Abin Yake a Dā

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, watau NHIS, da dokar 1999, ya kuma fara aiki a 2005. Galibin waɗanda suka amfana da shi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne, kowa da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tsofaffin iyaye ba sa ciki, sai an biya musu dabam. Manomi da ɗan kasuwa da suka tsufa a kan sana'arsu kuwa, yawancinsu daga aljihu suke biya.

Abin da Ya Sauya

A ranar 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta soke ta dā, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA. Dokar ta zo da manyan abubuwa biyu. Na farko, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Nijeriya. Na biyu, ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ta kuma sa tsofaffi cikinsu, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da masu naƙasa, da marasa galihu. Ana aiwatar da wannan ne mataki-mataki ta hannun hukumomin inshorar lafiya na jihohi, saboda haka wata jiha takan riga wata.

Daga Ina Kuɗin Yake Fitowa?

Inshora taimakekeniya ce: ana tara kuɗi wuri ɗaya, mai lafiya ya tallafi marar lafiya. Wanda ba shi da halin zubi, gwamnati ce take biya masa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Ta ce rabin wannan kuɗi na inshora ne, kashi 20 cikin 100 kuma na sayen muhimman magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki ne.

Nawa Mutum Zai Biya?

Ma'aikaci, da wanda ya shiga shirin da kuɗinsa, yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da likita ya rubuta. Misali, idan magani na naira 5,000 ne, naira 500 zai biya. Tsohon da aka yi wa rajista cikin masu rauni kuwa, ba a karɓar kome daga hannunsa a kan ayyukan da shirin ya ƙunsa.

Wane Irin Magani Ake Bayarwa?

Hukuma tana da jerin magungunan da ta amince da su, kuma da sunansu na asali ake rubuta su, ba da sunan kamfani ba. Panadol, alal misali, sunan kamfani ne; sunansa na asali farasitamol. Don haka kada dattijo ya ƙi magani don ya ga kwalin ya bambanta da wanda ya saba. Abin dubawa shi ne lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. A je asibitin matakin farko na mazaɓa, ko ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiha, a nemi rajista. A tafi da lambar NIN.
2. Wanda ya yi ritaya, ko wanda 'ya'yansa suke da hali, ya tambaya a ofishin NHIA game da shirin GIFSHIP, wanda ake biya shekara-shekara.
3. A tafi da kwalayen magungunan da ake sha, malamin asibiti ya gani.
4. Kada a daina shan maganin hawan jini ko na sukari don an ji sauƙi, sai da izinin likita.
5. Idan an nemi kuɗin da ba ya bisa ƙa'ida, a kai ƙara ofishin hukuma.

Lalle ne a sani, wanda ba a rubuta sunansa ba, ba zai ci moriyar wannan tanadi ba, kome tsufansa. Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa, da limamai da fastoci, su isar da wannan saƙo. Kai kuma mai karatu, idan kana da tsoho a gida, ka karanta masa, ka kuma kama hannunsa ka kai shi wurin rajista tun ciwo bai kwantar da shi ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.