Kafin a sauya sifikokin falo: Yadda ake zaɓar amfilifayar da ta dace da su

A gidajen Ƙofar Marusa, kamar sauran tsofaffin unguwannin birnin Katsina, da wuya a shiga falon ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ba a tarar da kayan sauti a gefen talabijin ba. Da su ake sauraron tafsiri a watan azumi, da labaran Companion FM, da sharhin ƙwallo a ƙarshen mako. Idan hali ya samu, maigida kan yi sha'awar manyan sifikoki, ya sayo su da tsada, ya jona su da tsohuwar amfilifayarsa. Sau da yawa ba a rufe wata uku sai sauti ya fara karkarwa, ko sifika ɗaya ta yi shiru, a ɗora laifi a kan mai shago. Galibi kayan lafiyarsu ƙalau, haɗin ne bai dace ba.

Lambar da ke bayan sifika

Abu na farko da za a duba shi ne lambar "ohm" da ke rubuce kusa da inda ake ɗaura waya. Ma'auni ne na yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata, an kuma raɗa masa sunan masanin kimiyyar Jamus, Georg Ohm. Yawancin sifikokin gida 4 ne ko 6 ko 8. Idan lambar ta yi ƙasa, sifikar na jan wuta da yawa. Amfilifayar da aka rubuta mata 8 zuwa 16, in aka ɗora mata sifika mai 4, za ta riƙa zafi tana kashe kanta, wata rana ta ƙone gaba ɗaya.

A nan ne masu son cika falo da sauti ke faɗawa tarko. Sifika biyu masu 8, idan aka ɗaure wayoyinsu a kafa guda, sun koma 4. In aka ƙara biyu, sun zama 2, nauyin da amfilifayar gida ba ta iya ɗauka.

Wat na gaskiya da wat na kwali

Kwalaye da yawa na ɗauke da rubutu ɓaro-ɓaro: wat 2,000 ko 5,000, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lamba ta talla ce, domin babu wani tsayayyen ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi a kanta. Lambar dogaro ita ce mai alamar RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. Ruɗun ya daɗe, har hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a 1974 da ta tilasta wa kamfanoni bayyana wannan ƙarfi a tallace-tallacensu. Mai saye na da hanyar gwaji mai sauƙi: ya duba bayan na'urar ya ga wutar da take ci daga soket. Wadda ke cin wat 60 ba za ta riƙa fitar da 2,000 ba.

Mutane da dama na ɗauka cewa babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona sifika. Ƙarama ma na yi. Idan aka murɗa ta har ƙurya don ta ciyar da manyan sifikoki, sautin da take fitarwa kan gurɓace, ya zafafa siririyar wayar da ke cikin ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti, har ta tsinke. Saboda haka ya fi kyau ƙarfin amfilifaya ya yi daidai da na sifika ko ya ɗara kaɗan, a riƙa kunnawa a tsaka-tsaki. Da zarar murya ta fara dusashewa ko tsatsa, a rage.

Akwai kuma lambar dB, mai nuna ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Duk bambancin 3 na nufin ninkin wuta: sifika mai 87 na buƙatar wat 100 kafin ta yi ƙarar da mai 90 ke yi da wat 50. Kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Wanda ya bar amfilifaya mai 50 ya sayi mai 100 don neman ƙara, ɗan bambanci zai ji.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Kayan hannu da ake shigowa da su daga Amurka an ƙera su ne don bolt 120, na Japan kuma 100. Jona su kai tsaye asara ce nan take, sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta. Tun da wutar KEDCO kan hau ta sauka, sitabilaiza ta zama dole. Kafin a juya daga wutar Nepa zuwa janareta, a kashe amfilifaya tukuna. Ƙa'idar ita ce a kunna ta daga ƙarshe, a kashe ta da farko. Masu sola su tabbatar infatarsu mai ba da tsabtatacciyar wuta ce, domin mai arha kan sa kayan sauti gurnani.

Zafin Katsina a watannin Maris zuwa Mayu ba ya raga wa amfilifayar da aka cusa a cikin kabad, ko aka ɗora wa dikoda a kan ramukan shan iskarta. Ƙurar hunturu kuma kan shiga maɓallin ƙara ta sa shi ƙarar-ƙarar. A bar mata sarari ta sama, a lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce.

Ɗakin ma na da nasa rabo

Falo mai tayil da bango tsirara kan mayar da sauti ya cakuɗe, a kasa rarrabe kalmomin mai magana. Kafet da labule mai kauri da kujerun kushin kan gyara wannan fiye da sabuwar na'ura. A ɗan janye sifikoki daga bango, a sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararsu da mazaunin mai sauraro. Wajen ɗaura waya, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya guda ɗaya, kaurin sauti zai ragu.

A cikin ganuwa gidaje na jingine da juna, kuma kaurin sauti ya fi komai ratsa bango. Matsakaiciyar sifikar da ake jin kowace kalma da ita ba sai an ƙure ba ta fi amfani ga mai gida, ta kuma kiyaye haƙƙin maƙwabci.

Mai shirin zuwa Babbar Kasuwar Katsina ko Sabon Garin Kano ya ɗauki hoton bayan amfilifayarsa a waya, ya riƙe karatu ko waƙar da kunnensa ya saba da ita, ya nemi a gwada masa a ƙaramar murya kafin a yi ciniki.