Waifar iska ko ta lantarki: Zaɓin da ke gaban masu tsofaffin akori-kura a Amurka

A Amurka, mutane da dama na kashe kuɗi masu yawa wajen farfaɗo da tsofaffin motocin akori-kura na shekarun 1940 da 1950, irin su Ford F-1 da aka fara ƙerawa a 1948, da kuma samfurin Chevrolet na tsakanin 1947 da 1955.

Sai dai duk wanda ya gama gyaran inji da fenti, akwai wata tambaya da ke jiransa ranar da ruwan sama ya fara sauka: shin zai bar waifar da motar ta zo da ita, wadda ke aiki da zuƙar iska, ko kuwa zai cire ta ya sa ta lantarki?

Yadda ta iska ke aiki

Tun a 1903 ne wata Ba'amurkiya daga jihar Alabama, Mary Anderson, ta yi rajistar fasahar share gilashin mota, amma tata da hannu ake juya ta. Waifa mai aiki da kanta ta yaɗu ne a shekarun 1920, musamman ta hannun kamfanin Trico na birnin Buffalo, wanda a 1925 ya sayi kamfanin 'yan'uwan nan biyu, Folberth, masu ƙera waifar iska.

Dabarar ba ta da wuya. Idan injin fetur yana aiki, fistin-fistin ɗinsa na zuƙo iska ta cikin kafireta. Muddin direba bai taka totur sosai ba, ƙofar iskar a tsuke take, don haka ake samun zuƙa mai ƙarfi a bututun da ke kai iska cikin injin. Daga nan ne ake jan wani siririn tiyo zuwa wani ƙaramin akwati da ke kusa da gilashin gaba. A cikin akwatin akwai wani faifai da zuƙar ke ja zuwa dama, sannan wani bawul ya juya ta, ta ja shi zuwa hagu.

To amma a nan matsalar take. Injin mai lafiya da ke aiki a tsaye yana ba da zuƙar da ta kai inci 17 zuwa 21 a ma'aunin makanikai. Da zarar direba ya take totur har ƙasa, ƙofar iska ta buɗe baki ɗaya, sai zuƙar ta faɗi kusan zuwa sifili. Ma'ana, waifar na rage gudu ko ma ta tsaya cik a daidai lokacin da motar ke hawan tudu da kaya, ko take ƙoƙarin wuce wata motar, wato lokacin da direba ya fi bukatar ganin gabansa. Direbobin wancan zamani sun saba ɗaga ƙafa daga totur na ɗan lokaci domin waifar ta share gilashi sau ɗaya ko biyu, sannan su sake takawa.

A wurare masu tudu lamarin ya fi muni, domin zuƙar na raguwa da kusan inci ɗaya a duk hawan ƙafa 1,000. Motar da ke birnin Denver, alal misali, ta riga ta yi asarar kusan inci biyar tun kafin ta motsa.

Ta lantarki fa?

Ita ma ba sabuwa ba ce, domin kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tasa tun a 1926. Tsada ce ta sa kamfanonin Amurka suka daɗe suna riƙe da ta iska, har ma kamfanin American Motors ya ci gaba da sa ta a wasu motocinsa zuwa farkon shekarun 1970.

Waifar lantarki ba ruwanta da abin da totur ke yi. Gudunta ɗaya ne a gangare da kuma a hawa. Amma sa ta a tsohuwar mota na da nasa sharuɗɗan. Akasarin waɗannan motoci suna amfani ne da batir mai ƙarfin volt 6, domin sai a 1955 Chevrolet ya koma volt 12, Ford kuma a 1956. Bugu da ƙari, a motocin Ford masu volt 6, gefen batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikin mota, saɓanin yadda ake yi a yau. Wanda bai lura da wannan ba yana iya sayo na'urar da ba za ta dace da motarsa ba. Sannan tsohon dainamo ba ya ba da wuta sosai idan inji na tafiya a hankali, ga fitilu a kunne cikin dare, ga kuma wayoyin da suka shekara saba'in.

Akwai hanya ta uku, wadda masu son barin mota yadda ta fito daga masana'anta suka fi so. Sau da yawa laifin ba na fasahar ba ne, na tsufa ne: man da ke cikin akwatin ya daskare, fatar da ke gefen faifan ta bushe, ko tiyon ya tsage yana shan iska. Idan aka gyara waɗannan, aka ƙara ƙaramin tankin adana zuƙa, ko aka sa famfon mai irin wanda ke da sashe na biyu mai taimaka wa waifa, ana samun sauƙi sosai. Tankin dai na ɗan lokaci ne, doguwar hawa tana ƙarar da shi.

Abin da ke raba gardamar shi ne aikin da motar za ta yi. Motar da ake kaiwa wuraren baje kolin tsofaffin motoci, inda alƙalai ke duba ko kowane sashe na asali ne, ta fi daraja da waifarta ta iska, kuma da wuya ma a fito da ita cikin ruwa. Wadda kuwa za a riƙa hawa kullum a manyan titunan yau, cikin manyan motocin da ke watso ruwa a gilashi, hujjar barin ta iska a jikinta ba ta da ƙarfi. Haka nan wanda ya sauya injin zuwa na dizal ba shi da zaɓi sosai, domin injin dizal ba ya samar da irin wannan zuƙa sai an ƙara masa famfo na musamman.

Wasu masu motocin kan sa ta lantarki a ɓoye a ƙarƙashin allon gaban direba, su bar maɓallin asali a wurinsa, sannan su adana tsohon akwatin iskar domin duk wanda zai sayi motar nan gaba.