Cinikin Dakashin Saniya: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Kafin Su Zuba Jari

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa da ke fitowa bayan haihuwa, ya zama haja a kasuwannin duniya. Kamfanoni a Amurka, Turai, Ostireliya da New Zealand suna tattara dakashin shanu daga manyan gonakin madara, su busar da shi, su mayar da shi gari ko kafso, sa'an nan su sayar wa iyaye da cewa yana kare ƙananan yara daga mura, tari da gudawa. Da yake cinikin intanet ya sauƙaƙa shigo da irin waɗannan kayayyaki, masu kantunan magani da dillalai a Legas, Ibadan, Abuja da sauran manyan birane suna fuskantar tambayar ko ya dace su sa kuɗinsu a cikin wannan harka.

Amfanin dakashi ga ɗan maraƙi ba abin musu ba ne. Mabiyiyar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke ciki, saboda haka ana haihuwar maraƙi ne ba shi da garkuwa. Dakashin da ya sha a sa'o'in farko shi ne ke ba shi sinadarin da masana ke kira IgG, wanda a dakashi mai kyau yakan kai giram 50 ko fiye a kowace lita. Hanjin maraƙi yana iya tsotse wannan sinadari ya kai shi cikin jini, amma cikin kimanin sa'o'i 24 wannan ƙofa takan rufe. Wannan ne dalilin da ya sa a gonakin Turai da Amurka ake ba maraƙi kimanin lita 4 da zarar an haife shi. Shanunsu kuwa sukan ba da fiye da abin da maraƙi yake bukata, kuma wannan rarar ce ta haifar da masana'antar.

Ga ɗan Adam al'amarin ya sha bamban. Jariri yana samun IgG ne daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki, sa'an nan dakashinta ya ƙara masa wani sinadarin mai suna IgA, wanda ke lulluɓe hanji, kuma jikinta ya ƙera shi ne daidai da cututtukan da ke gidan da ta haihu. Yaron da ya sha garin dakashin saniya, sinadarin ba ya shiga jininsa kamar yadda yake shiga na maraƙi. Wani ɓangare yakan narke a ciki, abin da ya rage kuma aikinsa ya tsaya ne a cikin hanji.

Binciken da masu talla suka fi dogara da shi ya samo asali ne tun 1989, lokacin da likitoci a birnin Adelaide na Ostireliya suka gwada dakashi a kan yara 120 da ke kwance a asibiti. Daga cikin 55 da aka ba dakashin babu wanda ya kamu da ƙwayar cutar rota mai haddasa gudawa, alhali 9 daga cikin 65 da ba a ba su ba sun kamu. Haka kuma gwaje-gwajen da aka yi a birnin Dhaka na Bangaladash a shekarun 1990 sun nuna cewa yana iya rage tsawon gudawar rota. To, amma a duk waɗannan gwaje-gwaje an yi amfani ne da dakashin shanun da aka yi wa allurar ƙwayar cutar tun suna da ciki, domin jikinsu ya tara kariya ta musamman. Akasarin garin da ake sayarwa a kasuwa na shanu ne da ba a yi wa wannan allura ba, don haka sakamakon wancan bincike bai zama shaida a kansa ba.

Dangane da dakashi na gama-gari kuwa, an wallafa wani bincike a Indiya a 2006 kan yara 605, da wani a Masar a 2016 kan yara 160, kuma duka biyun sun ba da rahoton raguwar mura da gudawa. Matsalarsu ita ce duk yaran an ba su garin, ba a ware wani rukuni da aka hana ba domin a kwatanta. Yaro kuwa yakan rage yawan rashin lafiya da kansa yayin da yake girma ko yayin da yanayi ya sauya. A Malawi, wani gwaji mai tsari da aka wallafa a 2021 ya sami ɗan ci gaba a tsawon yaran da aka ba dakashi, sai dai an haɗa shi ne da garin ƙwai, ta yadda ba za a iya raba aikin wannan da na wancan ba. Har ila yau Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya dakashin saniya cikin matakan da take ba da shawara a kansu don kare lafiyar yara ba.

Ta fuskar doka ma akwai abin lura. A Amurka, dokar 1994 kan kayayyakin ƙarin abinci ta ba kamfanoni damar sayar da su ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba, don haka rubutun da ke jikin gwangwani ba yana nufin gwamnatin can ta amince da shi a matsayin magani ba ne. Ƙasar Sin kuwa ta haramta sanya dakashin saniya a cikin madarar jarirai daga ranar 1 ga Satumba, 2012, matakin da ya taɓa cinikin kamfanonin da ke kai mata kaya. A Nijeriya, Doka ta 41 ta 1990, wadda aka yi wa gyara a 1999, ta hana tallata duk abin da zai maye gurbin nonon uwa, daidai da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar a 1981. Bugu da ƙari, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta yarda a shigo ko a sayar da abinci ko magani ba tare da lambar rajista ba, kuma sai ta duba talla kafin a yaɗa shi. Ɗan kasuwar da ya tallata garin dakashi ga jarirai 'yan ƙasa da wata 6 yana iya rasa kayansa, ya kuma gurfana gaban shari'a.

Akwai kuma batun tsabta da haɗari. Ɗanyen dakashi yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da ciwon ɓarin da makiyaya ke kira bakkale, waɗanda duka suna kama mutane. A watan Maris na 2024 an gano murar tsuntsaye a shanun madara a Amurka, aka kuma sami ƙwayar cutar da yawa a ɗanyen nononsu. Kashe ƙwayoyin cuta yana bukatar dumamawa, amma zafi mai yawa yana lalata sinadarin da ake saye dominsa, shi ya sa gonaki ke dumama shi a ma'aunin zafi 60 na tsawon minti 60. Yaron da jikinsa ba ya karɓar madarar shanu kuma, dakashin zai iya tayar masa da ƙuraje, amai ko sarƙewar numfashi.

Idan aka dawo kan lissafin kuɗi, dakashi haja ce mai tsada tun daga tushe. Saniya sau ɗaya take haihuwa a shekara idan an yi sa'a, kuma tatsar farko da ta biyu ne kawai ke da ƙarfin da ake nema. Dole a daskarar da shi nan take, a yi jigilarsa cikin sanyi, a busar da shi a hankali. Mai shigo da shi zai biya da dala, wadda farashinta ya yi tashin gwauron zabo tun bayan da aka saki naira a kasuwa a watan Yuni na 2023. A gefe guda kuma, abubuwan da aka tabbatar da aikinsu suna da araha ko kyauta ne. Nijeriya ta sanya rigakafin rota cikin alluran yara na yau da kullum a watan Agusta na 2022. Ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 su ne maganin gudawa da aka amince da shi, ana kuma ba yara sinadarin bitamin A duk bayan wata 6.

Masu tunanin sarrafa dakashin a cikin gida su ma suna da babban cikas. Shanunmu irin su Bunaji, Rahaji da Bokoloji, a kiwon gargajiya, da wuya su wuce lita 1 zuwa 2 a rana, kuma dakashinsu da ƙyar yake isar maraƙin. Duk wanda ya saye shi daga hannun makiyayi ya rage wa maraƙi garkuwa, mutuwar maraƙi kuwa asarar saniyar gobe ce. Ƙasar da jami'anta suka sha faɗin cewa tana kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara ba ta da rarar da za ta ɗauka daga bakin 'yan maruƙa. Inda riba ta fi bayyana shi ne a gonakin zamani da ke Oyo, Kaduna, Kano da Filato, inda adana dakashi a firji domin maraƙin da uwarsa ta mutu ko ta ƙi shi yake rage mace-mace. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a watan Yuli na 2024, tana da rawar da za ta taka a nan.

Babban abin damuwa shi ne yadda a wurare da dama har yanzu akan matse dakashin uwa a zubar, bisa zaton cewa gurɓataccen nono ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 ne kawai na jarirai ake sa wa nono cikin sa'ar farko, kuma kashi 29 ne ke shan nonon uwa zalla kafin wata 6. Gidan da ya zubar da na uwa ya sayi na saniya da dala ya yi asara biyu.

Ga ɗan kasuwar da duk da haka yake son shiga harkar, abin da ya kamata ya nema daga dillali shi ne lambar rajistar NAFDAC, takardar gwajin da ke nuna yawan IgG, shaidar an dumama kayan, da kuma ranar lalacewa. Ya guji alkawarin warkarwa ko rigakafi a cikin talla, ya kuma tura iyaye wajen likita kafin su ba yaro. Sayen kaya ba tare da waɗannan takardu ba cinikin biri a sama ne.